Daga Hasumiyar Agadas Zuwa Hular Sanyi: Yadda Ake Tsara Saƙa Mai Launuka Daga Abin da Aka Gano a Tafiya

Yawancin masu saƙa a wajenmu zanen wasu suke bi. Ko dai an ga wata suwaita a jikin yaro an kwaikwaya, ko an samo hoto a intanet an ƙirga idanunsa ɗaya bayan ɗaya. Babu laifi a hakan, kowa ta nan ya fara. Amma wadda hannunta ya faɗa da saƙar zare biyu, wato mai launi biyu a kowane layi, ba abin da zai hana ta tsara nata zanen, kuma tafiya ce ke ba da kayan aikin da ya fi kowane yawa: bangon gida a Birnin Damagaram, tayil ɗin masallaci a Fas, layukan baka-baka na masallacin Madina, ko ƙofar wani zaure a Zariya.

Matsalar ita ce saƙa ba ta ɗaukar hoto. Abin da take ɗauka shi ne gida-gida: kowane madauki da ke kan tsinke, wato ido, launi ɗaya yake karɓa, ba rabi ba kwata. Saboda haka aikin mai tsarawa duka shi ne ta ɗauko abu guda daga wurin da ta je, ta rage shi har ya yarda ya shiga lissafin idanu. A wannan jagora za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: hular sanyi ta babba, wadda aka samo zanenta daga hasumiyar babban masallacin Agadas. Na yi magana da "ki" ne don mata suka fi riƙe wannan sana'a a ƙasar Hausa, amma maza kada su ja baya. A tsibirin Taquile da ke tafkin Titicaca a ƙasar Peru, maza ne ke saƙa huluna, tun suna yara ake koya musu, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama sana'ar tufafin tsibirin a 2005.

Tun kina can: abin da za ki tara

Hoton da 'yan yawon buɗe ido ke ɗauka, a tsaya nesa a kwaso gini duka da sararin sama, ba shi da amfani sosai ga mai saƙa. Ki ɗauki irinsa ɗaya don tunawa, sannan ki matsa kusa. Ki tsaya daidai gaban abin, kada ki ɗauka a karkace, don karkacewar tana ɓata ma'aunin siffa. Ki nemi inda zane yake maimaita kansa, ki tabbatar gaɓa biyu ko uku sun shiga hoton, saboda daga baya za ki buƙaci ganin yadda gaɓa ke haɗuwa da 'yar'uwarta.

Ki riƙe ƙaramin littafi da fensir. Zanen hannu na minti biyu, ko da bai yi kyau ba, ya fi hoto amfani ta wata fuska: hannu ba ya iya kwashe komai, dole ya zaɓa, kuma abin da ya zaɓa shi ne ainihin abin da ya ja idonki. A gefe ki rubuta launukan da kalmominki: "jan ƙasa mai ɗan duhu bayan la'asar", "shuɗi irin na rawanin Abzinawa". Kyamarar waya tana sauya launi gwargwadon haske, rubutun ne zai gyara miki.

Idan abin da kike so a jikin mutum yake, ko a rumfar mai sana'a, ki nemi izini kafin ki ɗaga waya. Idan da hali ki sayi ƙaramin abu a hannunsa.

Zaɓen abu ɗaya

Da kin dawo gida, ki baje hotunan ki tambayi kanki: wace siffa ce idan an gan ta baƙa ƙirin a kan farar takarda za a gane ta? Wannan tambaya tana zubar da mafi yawan abin da kika tara. Faɗuwar rana a Sahara tana da kyau, amma ba ta da siffa. Raƙumi yana da siffa, sai dai ƙafafunsa da wuyansa suna buƙatar idanu masu yawa kafin ya daina kama da akuya.

Hasumiyar Agadas ta ci wannan jarrabawa. Gini ne na ƙasa mai tsayin mita 27, asalinsa tun ƙarni na 16, mai faɗi a ƙasa yana tsukewa zuwa sama, ga itatuwa sun leƙo daga jikinsa ta kowane gefe, waɗanda magina ke takawa idan za a yi yaɓe. Tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Abubuwa biyu kawai za mu ɗauka: tsukewar, da ɗigo-ɗigon itatuwan. Sauran duka mu bar wa Agadas kayanta.

Akwai dokar da gida-gida ke gindaya wa kowa. Layi a tsaye, layi a kwance, da layin da ke hawa ido ɗaya a kowane layi, su ne ke fita tsaf. Shi ya sa tauraro mai tsini takwas ya bazu a saƙar ƙasashe da yawa. A Selbu ta ƙasar Norway, wata yarinya mai suna Marit Emstad ta saƙa safar hannu baƙi da fari mai irin wannan tauraro wajen 1857, daga nan ya zama tambarin yankin. Idan kin je ziyara Fas kika ga tauraro mai tsini takwas a tayil, zai shiga saƙa ba gardama. Mai tsini goma sha biyu kuwa, ko wanda layukansa ke saƙale da juna ta kusurwoyi iri-iri, zai fito a ragargaje sai dai idan zarenki siriri ne ƙwarai kuma filin yana da faɗi. Haka ma dagi: lanƙwasarsa tana son aƙalla idanu ashirin da wani abu kafin ta yi kama da kanta, don haka ya fi dacewa da ƙirjin suwaita ko matashin kujera, ba hular jariri ba.

Wani abin kiyayewa, musamman ga masu dawowa daga Umara ko Hajji: kada a saka sunan Allah ko aya a tufafin da za a shiga da shi bayi, a jefa a kwandon wanki. A ɗauki layukan baka, ko koren launi, ko tsarin kafet. Gaskiya ne cewa cikin tsofaffin kayan saƙa da aka tono a Masar, safunan auduga masu shuɗi da fari na zamanin da ya kai shekara ɗari bakwai zuwa dubu, akwai masu zane irin na rubutun Larabci, kuma matasan kai da aka samu a wani kabarin sarauta a Burgos ta Sifaniya, na wajen 1275, ɗaya yana ɗauke da kalmar "baraka". Wannan tarihi ne mai daɗin sani, don yana nuna saƙa mai launuka ta daɗe a hannun Musulmi kafin ta yi suna a arewacin Turai. Amma hular da yaro zai yi wasan ƙasa da ita wani abu ne daban.

Sannan a bambanta tsakanin samun ilhama da kwashe kayan mutane. Matan Cowichan na tsibirin Vancouver a Kanada suna da suwaitarsu da aka san su da ita. Lokacin gasar Olamfik ta hunturu ta 2010, an fitar da wata suwaita ta kasuwanci mai kama da tasu, suka fito suka yi ƙorafi a bainar jama'a. Idan zanen da kika gani alama ce ta wata al'umma, ko abincin wasu masu sana'a ne, kada ki kwafe shi sukutum ki sayar da sunanki. Ki canza, ki rage, kuma ki faɗi inda kika samo.

Wace irin saƙa?

Hanya mafi dacewa da zane mai maimaituwa ita ce saƙar zare biyu: launi biyu a kowane layi, wanda ba a saƙawa yana ratsawa ta baya. Ita ce ta tsibirin Fair Isle da ke Shetland a arewacin Sikotland, wadda ta yi tashe bayan Yariman Wales ya fito sanye da irin suwaitar a 1921. Suwaitarsu za ki ga launi shida ko bakwai, amma ki ƙirga layi ɗaya, biyu ne kacal. Sauya launi suke yi daga layi zuwa layi.

Idan kuwa siffa ɗaya babba kike so a tsakiyar riga, to intasiya ce: kowane yankin launi da ɗan ƙullin zarensa, ana murɗa su a inda suka haɗu, kuma a shimfiɗe ake yin ta, ba a zagaye ba. Ga launi na uku da bai wuce ido ɗaya ko biyu ba, kada ki wahalar da kanki, ki bari sai an gama ki bi kan idon da allura da zare. Hularmu zare biyu za mu yi, a zagaye.

Launi: haske da duhu kafin kyau

Nan ne mafi yawan zane ke mutuwa. Wadda ta ga Agadas za ta so jan ƙasa da shuɗin baba, don su ne launukan da suka zauna mata a rai. A shago kuwa sun yi kyau gefe da gefe. Amma dukkansu masu duhu ne, kuma idan aka saƙa su ido-ido sai su narke cikin juna, daga taku biyar ba mai ganin hasumiya.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki jera ƙullayen zaren a wuri mai hasken rana, ki ɗauki hoto, ki mai da shi baƙi da fari a waya. Duk biyun da suka fito da toka iri ɗaya, ba za su yi aiki a layi ɗaya ba. Wani gwajin: ki murɗa zaren biyu tare, ki miƙa hannu, ki ɗan runtse ido. Idan sun zama launi ɗaya, a raba aurensu.

Don haka a hularmu, fili zai zama shuɗi mai duhu, hasumiya kuma ruwan madara ko ruwan yashi mai haske. Jan ƙasa bai tafi ba, amma an rage masa matsayi: zai fito a siririn ado a ƙasa, a kan fili mai haske inda zai iya magana, da ɗigo ɗaya-ɗaya a sama. Wata za ta ce ai hasumiyar ba fara ba ce. Haka ne. Amma mai kallo siffa yake fara gani, kuma jan da ke kusa zai kai masa saƙon ƙasar.

Game da zaren kansa: abin da aka fi samu a kasuwanninmu akirilik ne, ko da ana kiransa ulu. Yana aiki, yana jure wanki, ga araha. Sai dai yana da santsi, ba ya kama ɗan'uwansa kamar gashin tunkiya na gaske, don haka rashin daidaiton hannu ya fi bayyana a jikinsa. Abin da ba a sassautawa shi ne kauri: duk launukan su zama na kamfani ɗaya, kauri ɗaya. Ki sayi abin da zai ishe ki a lokaci guda, don rini yana bambanta daga kaya zuwa kaya. Ƙulli biyu na giram 50 na shuɗi, ɗaya na mai haske, da ɗan ragowar ja sun wadatar, har da na gwaji. Ki jiƙa guntun ja da na shuɗi a ruwan ɗumi, ki matse su cikin farin ƙyalle. Idan sun zuba, to za su ɓata mai hasken a wankin farko.

Ƙyallen gwaji

Ba a tsallake wannan. Da tsinken zagaye mai milimita 3.5, wato mai baki biyu da igiya ta haɗa su, ki ɗora idanu kamar 36, ki saƙa wani sassauƙan zane mai launi biyu har tsawon santimita 12. Dole gwajin ya zama na zare biyu, don saƙar zare biyu ta fi ta zare ɗaya tsukewa, kuma idonta ya fi kusa da murabba'i. A saƙar zare ɗaya ido ya fi faɗi a kan tsayi, shi ya sa da'irar da aka zana a takarda ke fitowa a baje. Kuma tunda hular a zagaye za a yi ta, gwajin ma ya zama ta fuskar gaba kawai: idan kin kai ƙarshen layi, ki tura saƙar zuwa ɗaya bakin tsinken mai igiya, ki ratso zaren ta baya a sake, ki sake farawa.

Ki wanke ƙyallen, ki shanya shi a shimfiɗe, sai ya bushe ki auna tsakiyarsa. A misalinmu, a ce an samu ido 24 da layi 26 a santimita 10. Wato ido 2.4 da layi 2.6 a kowace santimita. Naki zai iya bambanta, kuma da naki za ki yi lissafi, ba da nawa ba.

Lissafin da ke yanke faɗin zane

Kan babba yakan kai santimita 56 a zagaye. Hula tana son ta ɗan gaza kai don ta kama, amma saƙar zare biyu ba ta talewa sosai, don haka santimita 3 kawai za mu rage. Saura 53. A ninka da 2.4, an samu kusan ido 127.

Yanzu sai a nemi faɗin gaɓar da zai raba adadin da ke kusa da 127 ba saura. Gaɓa mai ido 12 za ta ba da 120 ko 132, wato santimita 50 ko 55: ɗaya ta matse, ɗaya ta yi sako-sako. Gaɓa mai ido 16 sau 8 ta ba da 128, santimita 53 da ɗan ɗoriya. Ta zauna. Ƙarin alherinta, 16 tana rabuwa da 2, da 4, da 8, don haka ƙananan adon da za su raka babban zane za su daidaita da shi. Kuma gaɓa takwas na nufin saman hula zai rabu yanki takwas wajen ragewa.

Ki lura da tsarin: ba a fara zana hasumiya sannan a tilasta wa hula ta ɗauke ta ba. Kai ne ya ba da adadi, adadi ya ba da faɗi, sannan aka gaya wa hasumiya ga filin da za ta zauna.

Tsayi kuma: hula kamar santimita 21 zuwa 22. Baki zai ci 4, saman da ake ragewa zai ci kusan 8 da rabi, saura 9 na jiki, wato layi 24. Filin zanenmu ke nan: gida 16 a kwance, 24 a tsaye.

Zana taswirar

Littafin lissafi mai gida-gida na 'yan makaranta ya isa, tunda idonmu ya kusa murabba'i. Mai kwamfuta za ta iya buɗe Excel ko Google Sheets ta tsuke ginshiƙan ta riƙa cika su da launi, ko ta yi amfani da shafin Stitch Fiddle da aka yi don wannan aiki. Ko ta wace hanya, ki zana gaɓa uku a jere, ba ɗaya ba. Filin da ke tsakanin siffofi shi ma siffa ne, kuma ba ya bayyana sai an jera su. Ana karanta taswira daga ƙasa zuwa sama, daga dama zuwa hagu, yadda hannu ke tafiya.

Layi na 1 da na 2 shuɗi zalla. Na 3 mai haske zalla. Na 4: ja uku, mai haske ɗaya, a yi ta maimaitawa. Na 5: ja ɗaya a kan tsakiyar ukun nan, sauran mai haske. An samu jerin ƙananan dala. Na 6 mai haske, na 7 da na 8 shuɗi.

Hasumiya ta fara daga layi na 9. Faɗinta ya zama mara, wato adadin da ba ya rabuwa biyu, don a samu ido ɗaya a tsakiya da komai zai jingina da shi. Layi uku na farko ido 9, uku na gaba ido 7, sai 5, sai 3, kowanne layi uku, sannan layi biyu masu ido ɗaya. Jimla 14, ta ƙare a layi na 22. Na 23 da na 24 shuɗi. Ta fi ta gaskiya gajarta da kauri, na sani. Idan aka bi ma'auninta na ainihi, sanda za a gani.

Yanzu ga babbar dokar saƙar zare biyu. Zaren da ke ratsawa ta baya bai kamata ya tsallake fiye da ido biyar ba, iyaka bakwai, kusan santimita biyu zuwa uku. Idan ya wuce haka, yatsa ko ɗan kunne zai maƙale, kuma da wuya a daidaita jansa. Ga kayan jarirai ma a tsaya a uku, saboda 'yan yatsunsu. Ki bi taswirarki layi-layi da fensir, ki yi alama duk inda launi ɗaya ya yi doguwar tafiya.

A gindin hasumiya, mai haske ya yi ido 9 a jere. A nan itatuwan magina suka biya kuɗinsu. Layi na 9 da na 10, a sa shuɗi ɗaya a tsakiya: huɗu, ɗaya, huɗu, kamar ƙofa. Layi na 11: mai haske biyu, shuɗi ɗaya, uku, ɗaya, biyu. A layukan ido 7, a sa ɗigo ɗaya a tsakiya a wani layin, biyu a gefe a wani. Ɗigon da ya sa a gane ginin Agadas ne, shi ne kuma ya karya dogon ratsi. Duk lokacin da adon da wurin ya ba ki ya warware matsalar saƙa, ki riƙe shi da kyau. Mutanen Setesdal a Norway ma haka suka yi, suka yayyafa fararen ɗigo a baƙin filin suwaitarsu.

Ɗaya matsalar tana tsakanin hasumiyoyi. A ƙasa tazarar ido 7 ce, amma yadda gini ke tsukewa haka fili ke buɗewa: 9, 11, 13, har 15. Dole a cika shi da wani abu mai faɗi a sama, siriri a ƙasa. Kayan azurfar da maƙeran Abzinawa ke yi suna da irin wannan siffa mai kusurwa huɗu, sai mu aro ta a sauƙaƙe. Daga layi na 12 zuwa 14, ido ɗaya mai haske a tsakiyar tazarar, shuɗi huɗu kowane gefe. Daga na 15 zuwa 21, siffar ta buɗe ta rufe: faɗin 1, 3, 5, 7, 5, 3, 1, gefenta kawai mai haske, cikinta shuɗi. Ki gwada lissafin layi na 18: hasumiya 3, shuɗi 3, siffa 7, shuɗi 3, jimla 16. Kowane layi ki tara shi haka. A na 22 a ƙara ɗigo ɗaya a kanta. Tsakiyar siffar kuma, nan jan ɗigo zai sauka da allura daga baya.

Inda ido bakwai suka rage a jere, kamar layi na 9 zuwa 11 da na 21 da 22, sai a kama zaren baya sau ɗaya a tsakiya, wato a ɗora shi kan wanda ake saƙawa ya riƙe shi. Kada a kama a daidai wuri ɗaya layi biyu a jere, in ba haka ba mai hasken zai leƙo ta gaba.

Kafin ki ɗora hula, ki saƙa gaɓa biyu na wannan taswira a matsayin gwaji na biyu. Ki manna shi a bango, ki koma bakin ƙofa ki duba. Ki nuna wa wani a gida ba tare da kin faɗa masa mene ne ba. Idan ya ce gini ne ko hasumiya, an dace. Idan ya yi shiru yana juya kai, yawanci ado ne ya yi yawa, ragewa za a yi ba ƙari ba.

Saƙa hular

Da tsinken zagaye mai milimita 3 da igiya santimita 40, ki ɗora ido 116 da shuɗi, ki haɗa zagaye ba tare da ya murɗe ba, ki sa alama a mafari. Ki riƙa saƙa ido biyu ta gaba, biyu ta baya, har bakin hular ya kai santimita 4. Ki koma tsinke 3.5, ki ƙara ido 12 a warwatse cikin layi ɗaya, su zama 128. Sa alama bayan kowane ido 16 yana da amfani: idan an yi kuskure, a cikin gaɓa ɗaya za a gano shi, ba sai an zagayo ba.

Abu biyu ke raba saƙar gwana da ta 'yar koyo. Na farko jan zaren baya. Kafin ki ɗauko launin da ya jira, ki baje idanun da ke kan tsinken dama su kai faɗinsu, sannan ki ratso shi. Idan kin ja da ƙarfi, hular za ta tattare kamar ƙugun wandon da aka ja wa mazagi, kuma ba wankin da zai gyara ta. Wadda hannunta ke da tsauri ta juya saƙar ciki ya koma waje, zaren baya ya riƙa bin doguwar hanya. Na biyu, matsayin zare. A cikin biyun, wanda ke fitowa ta ƙarƙashi idonsa ya fi girma kaɗan, ya fi fitowa fili. Ki ba mai haske wannan matsayi, yawanci a hannun hagu, shuɗi a dama, kuma kada su yi musanya har a gama. Idan suka sauya a tsakiya, za a ga wata hasumiya ta fi wata ƙiba.

A mafarin kowane zagaye za ki ga ɗan tsani, inda layi bai haɗu daidai ba, saboda saƙar zagaye hawa take yi a murɗe. Ki sa mafarin a cikin filin shuɗi kusa da hasumiya, ba a tsakiyar wata siffa ba, a kuma juya shi ƙeya idan an sa hular.

Bayan layi na 24, ki yanke mai haske, saman shuɗi ne zalla. A ƙarshen kowace gaɓa ki haɗa ido biyu ki saƙa su tare, ido takwas ke nan a zagaye. Ki yi haka layi ɗaya, ki huta layi ɗaya, sau bakwai, saura 72. Daga nan kowane layi a rage, sau takwas, saura 8. Idan igiya ta yi wa idanun yawa, ki koma gajerun tsinkaye masu baki biyu. Ki yanke zare, ki zura shi cikin takwas ɗin da allura, ki ja, ki ɓoye ta ciki. Saman zare ɗaya yakan fi jiki sakewa, don haka idan kin ga yana buɗewa, ki koma tsinke 3.

Ki ɗinka jajayen ɗigon, ki ɓoye bakin zaruruwa kowanne a bayan launinsa. Ki jiƙa hular a ruwa mai ɗan ɗumi, ki matse cikin tawul ba murɗawa, ki ɗora ta kan ƙwarya ko balan-balan da bai kai girman kai ba, bakin yana rataye ba a tale ba. Ulu na gaske zai kwanta ya yi sumul. Akirilik kada dutsen guga ya taɓa shi, narkewa yake yi ya mutu. In dole ne, tururi daga nesa.

Rubuta tsarin da sauya girma

Ki rubuta komai tun yana sabo: sunan zare da lambar launi, girman tsinke, ido da layi nawa a santimita 10, nauyin da kowane launi ya ci, da taswirar da aka gyara, ba ta farko ba. Ki ƙara layi biyu kan inda zanen ya fito. Idan za ki sayar da hular ko ki koyar da tsarin, wannan bayani yana cikin abin da mai saye ke biya.

Girma yana tafiya ne gaɓa-gaɓa. Gaɓa bakwai ido 112 ne, kusan santimita 47, daidai kan yaro mai zagayen 50. A nan baki zai fara da ido 100, a ƙara 12, saman kuma ya rabu yanki bakwai, a cire layi ɗaya-ɗaya daga cikin shuɗin zalla don rage tsayi. Gaɓa tara kuwa ido 144 ne, santimita 60, ta yi wa kusan kowa yawa. Ga mai babban kai, a bar 128 ɗin, a hau tsinke 3.75 ko 4, a sake ƙyallen gwaji a auna. Idan kuma suwaita kike hange, taswirar nan za ta zauna a gindin riga ko bakin hannu yadda take, muddin adadin idanun wurin ya rabu da 16.